Wa Ya Sani, Yaushe Ya Sani? Ture Alhaki da Aikin 'Yan Jarida Bayan Ambaliya a Kwarin Rima

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi abin da ke biyo bayan ambaliya a kwarin Rima, musamman tsakanin Argungu da Birnin Kebbi: yadda masu mulki ke zame wa alhaki, da yadda kafafen yaɗa labarai ke ɗauko maganarsu su kai wa jama'a. An yi amfani da ambaliyar 2010 da 2012 da 2020 da 2022 da 2024, an kuma dogara da abin da hukumomi suka faɗa da bakinsu a bainar jama'a. Matsayin maƙalar shi ne, ambaliyar wannan kwari tana da kwanakin gargaɗi a gabanta da watannin kashe kuɗi a bayanta, amma rahotanni sun fi taruwa a tsakiya, ranar jaje da ranar rabon kaya, inda mota da jirgi da lasifika duk na hukuma ne. Ɗan jaridar da bai bi sawun gargaɗin da ya gabata da kuɗin da ya biyo baya ba, ya taya mai mulki rufe maganar ko da bai yi niyya ba.

1.0 Gabatarwa



A ƙarshen Agusta da farkon Satumban 2020 ruwa ya haɗiye fadamar Jihar Kebbi. Gwamnatin jiha da reshen jihar na ƙungiyar manoman shinkafa, RIFAN, sun ce hekta 450,000 ta shinkafa ta nutse, ana dab da girbi. Kamfanin labarai na Bloomberg ya ruwaito cewa asarar da aka yi a ƙasa ta haura kashi ɗaya cikin huɗu na shinkafar da ake sa ran samu a shekarar. Abin ya zo a mummunan lokaci: iyakokin ƙasa a rufe tun Agustan 2019, ga annobar korona ta riga ta karya kasuwa. Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da sanarwar alhini, manyan jami'ai suka yi ta zuwa jaje daga Abuja, Gwamna Abubakar Atiku Bagudu ya zagaya wuraren da abin ya shafa. Wata shida bayan haka, a Maris na 2021, labarin da ya fito daga Kebbi ya cika jaridu shi ne na dalar buhunan shinkafa da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar.

Tsakanin hoton gonar da ta nutse da hoton dala akwai tambayoyin da suka cancanci amsa. Wa ya san ruwan na tafe? Yaushe ya sani, wa ya gaya wa? Manoman da suka ci bashi suka shuka, wa ya biya musu, wa aka ci gaba da bi? Nawa aka kashe da sunansu? A kan waɗannan tambayoyi maƙalar ta ginu, domin ni a ganina rashin yin su ne ke sa kowace damina ta same mu kamar ba mu taɓa ganin ruwa ba.

Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa jaridu da rediyo da talabijin nauyin tabbatar da cewa gwamnati na ba da bahasi ga jama'a. Da wannan ma'auni zan auna aikinmu na 'yan jarida.

2.0 Ruwan da ke aiko da saƙo kafin ya iso

Kogin Rima na tattaro ruwansa daga nesa, daga ƙasar Katsina da Zamfara, har da Gulbin Maraɗi da ke shiga Jamhuriyar Nijar ya sake dawowa. An datse shi a Goronyo, madatsar da aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Kogin Sakkwato, wanda aka datse a Bakolori a 1978, yana haɗuwa da shi kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ruwan ya gangaro ta Augie da Argungu, ya bi ta gefen Birnin Kebbi, ya karɓi Kogin Zamfara a yankin Bunza, sannan ya faɗa Kogin Neja. Idan Neja ya cika, kamar yadda ya yi a 2020 lokacin da ma'aunin ruwa a Yamai ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, Rima ba ya samun wurin zubarwa. Sai ruwa ya kwanta a fadama mako da makonni, shinkafar da za ta jure nutsewar 'yan kwanaki ta ruɓe a tsaye.

Abin lura a nan shi ne, wannan ruwa tafiyayye ne. Ya bambanta da na Mokwa a Jihar Neja, wanda ya afka wa mutane da asubahin 29 ga Mayun 2025. Ruwan da aka saki a Goronyo yana cin kwanaki a hanya kafin ya iso Argungu. Ambaliyar 2010 ta nuna haka ƙarara. Madatsar Goronyo ta cika maƙil, aka buɗe ƙofofinta a farkon Satumba, bayan kamar mako guda mafitar rarar ruwa ta karye. Ruwa ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, sannan ya gangaro Kebbi. Muhawarar da ta ɗauke hankali a lokacin ita ce: madatsar ce ta ɓalle ko ruwa aka saki? Ga mutumin Augie kuwa, wannan duk ɗaya ne. Abin da ya shafe shi shi ne ko wani ya aiko masa da labari a kwanakin da ruwan ke hanya.

To hannun wa wannan saƙo ke bi? Goronyo da Bakolori suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ta tarayya. Madatsar Kainji, da ke ƙasa da Yawuri, kamfanin Mainstream Energy Solutions ne ke gudanar da tashar lantarkinta tun 2013. Hasashen ruwan sama na hukumar NiMet ne, hasashen ambaliya na hukumar NIHSA, wadda ke fitar da shi duk shekara tun 2013. Agaji na NEMA ne, wadda aka kafa a 1999, sai takwararta ta jiha, SEMA, sai ƙananan hukumomi 21, sai masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru da hakimansu da dagatai. Masanin harkokin mulki Christopher Hood, a littafinsa na 2011 kan siyasar zargi, ya nuna cewa rarraba aiki a hannuwa da yawa na ɗaya daga cikin hanyoyin da hukumomi ke kare kansu: kowa na da ɗan guntun aikin, babu wanda ke riƙe da dukansa. Tun kafin shi, R. Kent Weaver ya yi bayani a 1986 cewa tsoron zargi ya fi neman yabo ƙarfi a zuciyar ɗan siyasa, domin mai zaɓe ya fi riƙe cutar da aka yi masa a kan alherin da aka yi masa.

3.0 Yadda alhaki ke narkewa

Kalmar farko da ake ji a wurin jaje ita ce ƙaddara. Babu Musulmin da zai yi jayayya da ita, kuma ita ce ke riƙe zuciyar wanda ya rasa komai a dare ɗaya. Amma ruwan sama daban, buɗe ƙofar madatsa ba tare da sanarwa ba daban. Mun taso da ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wanda aka sanar da shi fari na tafe ya tanadi hatsi na shekaru, da labarin Sayyidina Umar da ya juya da tawagarsa da ya ji annoba ta ɓarke a Sham. Idan talaka ya ce ƙaddara ce, imaninsa ya bayyana. Idan jami'in da takardar gargaɗi ta kwana a teburinsa ya faɗi haka a gaban makirufo, wajibin ɗan jarida ne ya amsa da amin, sannan ya tambaye shi ranar da takardar ta iso.

Hanyar da ta fi cin kasuwa a shekarun nan ita ce ta “ai mun gargaɗe su”. A nan zan daɗe, domin tana kama da gaskiya ƙwarai. Hukumar NIHSA kan fitar da hasashenta kafin damina, ta lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, kuma sunan Kebbi ba ya ɓacewa a irin wannan jeri. NEMA kan rubuta wa gwamnoni. Jiha kan sa sanarwa a rediyo cewa mazauna bakin kogi su koma tudu. Idan ruwa ya zo, kowane ofishi na da kwafin takardarsa a fayil, laifi kuma ya gangara har ya tsaya a kan manomi mai taurin kai.

Mu dubi gargaɗin da idon wanda aka yi dominsa. Ana ƙaddamar da shi a Abuja, da Turanci, watanni kafin ruwa. Har zuwa 2024 ƙaramar hukuma yake ambata, alhali ƙaramar hukuma ɗaya na da tudu da kwari da ƙauyuka barkatai. Ba ya cewa ranar kaza ruwa zai kai wuri kaza. Mutum na iya kwashe iyalinsa ya kai su makarantar firamare a tudu, amma gona ba ta tashi. Kuma wa ya ƙarfafa masa gwiwar zuba dukiyarsa a fadama? A Kebbi ne Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers ranar 17 ga Nuwamban 2015. Aka ba manoma iri da taki da injin ban ruwa bashi. Aka yi yarjejeniyar Lake Rice da Jihar Legas a 2016. Kamfanin WACOT ya buɗe masana'antar casar shinkafa a Argungu a 2017, ga ta Labana a Birnin Kebbi. Gwamnati ta yi alfahari da wannan, kuma ta cancanci yabo a kai. Sai dai wanda ya kira mutane su cika fadama da shinkafa ba shi da bakin cewa sun ƙi jin gargaɗi ranar da fadama ta cika da ruwa.

Akwai kuma tsohon alkawarin da ba a cika ambata ba. Tun 1969 aka tsara aikin Zauro, wato gina ganuwar tare ruwa da hanyoyin ban ruwa domin kare fiye da hekta 10,000 ta fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Abin da aka iya yi shi ne gonar gwaji mai hekta 100 a 1982. Aikin na da masu suka. Manoma da yawa sun ji tsoron rasa gonakin gado, kuma abin da ya faru a Bakolori a 1980, inda 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyya, bai bar zukatan mutanen yankin nan ba. Masunta da makiyaya ma suna da nasu ƙorafin. Ko a gina ko kada a gina, muhawara ce da ta kamata ta dawo duk shekarar da ruwa ya ci hanyar Dukku zuwa Makera. Zauro na nan kusa da Gwadangaji, inda sakatariyar jiha take. Duk da haka da wuya ka ji rahoton ambaliya ya haɗa asarar bana da aikin da aka shekara fiye da 50 ana ɗagawa.

Irin waccan gangarar da laifi kan talaka aka gani bayan hatsarin jirgin ruwa na 26 ga Mayun 2021 kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, inda jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, aka ceto kaɗan. Bayanin da ya fito shi ne lodi ya yi yawa, jirgin kuma tsoho ne. Gaskiya ne. Amma akwai hukumar tarayya, NIWA, da doka ta ɗora wa kula da sufurin ruwa, kuma tsohon jirgi ba a ranar ya tsufa ba.

Sai turereniya tsakanin tarayya da jihohi, wadda ta fito fili a ambaliyar 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasa ta kuma raba fiye da miliyan 1.3 da muhallansu. Ministar jin ƙai, Sadiya Umar Farouq, ta ce an gargaɗi jihohi ba su ɗauki mataki ba. Fadar shugaban ƙasa, ta bakin Garba Shehu, ta ce jihohi su yi bayanin yadda suka kashe kasonsu na asusun kula da muhalli. Jama'a na zargin madatsar Lagdo ta Kamaru, ministan albarkatun ruwa, Suleiman Adamu, ya shaida wa majalisa cewa gudummawarta ƙalilan ce, ruwan sama ne babban dalili. Da ministar jin ƙai ta ce Bayelsa ba ta cikin jihohi goma da abin ya fi shafa, Jigawa ce kan gaba, sai ƙura ta tashi har da kiran ta yi murabus. (Lagdo dai a kan Binuwai take, ruwanta ba ya zuwa ko kusa da Rima, kodayake sunanta kan faɗo a hirar ambaliyarmu.)

Wannan rigima ta cika jaridu saboda akwai ɓangarori biyu masu faɗa da juna, gwamnatin Bayelsa ta PDP da ta tarayya ta APC. A Kebbi ta 2020 kuwa jam'iyya ɗaya ce a Abuja da Birnin Kebbi, gwamnan jihar ma shi ne shugaban ƙungiyar gwamnonin APC. Babu mai nuna wa wani yatsa. Wannan ya tona wani rauni a aikinmu: mun saba jiran manya su yi faɗa mu ɗauko. Ranar da suka haɗa kai, sai mu rasa labari, alhali a ranar ce jama'a suka fi bukatar mai tambaya.

4.0 Alƙaluman da ba a tambayi asalinsu ba

Faɗin Jihar Kebbi kusan murabba'in kilomita 36,800 ne, wato hekta miliyan 3.68, har da dazuka da duwatsu da garuruwa da ruwa. Hekta 450,000 da aka ambata a 2020 ta kai kusan kashi ɗaya cikin takwas na jihar baki ɗaya. A Satumban 2024 gwamnatin Gwamna Nasir Idris ta sanar da cewa ambaliya ta kashe mutum 29, ta lalata gidaje sama da 320,000 da gonaki hekta 858,000. Wannan adadi na gonaki ya doshi kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar jihar. Gidajen kuwa, in aka ƙaddara mutum 6 a kowane gida, ana maganar mutum kusan miliyan 2 ke nan, a jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum miliyan 3.26.

Ban kawo wannan lissafi don in ƙaryata kowa ba. Wanda ya ga fadamar Suru ko Bagudo a waɗannan shekaru ya san ɓarnar ta wuce misali. Abin da nake cewa shi ne, adadi irin wannan na bukatar a tambayi wanda ya faɗe shi: wa ya ƙirga, cikin kwana nawa, ta wace hanya? Malaman gona ne suka zagaya, ko dagatai suka aiko da jerin sunaye, ko hoton tauraron ɗan'adam aka duba? “Lalata” na nufin gida ya rushe ko ruwa ya shiga tsakar gida? Jiha na da dalilin faɗin adadi mai yawa a makon farko, domin da shi ake neman tallafin tarayya. Tana kuma da dalilin faɗin adadi mai yawa na amfanin gona bayan wata shida, domin da shi ake nuna nasara. Jaridar da ta buga duka biyun ba tare da ta ajiye su gefe da gefe ba, ta bar mai karatu cikin duhu sau biyu.

Illar ba a takarda take tsayawa ba. Adadin da ba shi da jerin sunaye da ƙauyuka a bayansa ba ya ba da damar a gane ko agaji ya isa. In an ce mutum dubu ɗari abin ya shafa, aka kawo buhu dubu biyar, kowa ya san ba zai isa ba, saboda haka duk wanda bai samu ba sai ya haƙura, kuma duk wanda ya karkatar da rabin kayan ya samu mafaka.

Haka batun kuɗi. A Oktoban 2012, bayan ambaliyar da NEMA ta ce ta kashe mutum 363, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi rukuni huɗu, Kebbi ta faɗa rukunin ƙarshe mai naira miliyan 250. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 3 ga kowace jiha. Asusun kula da muhalli kuwa tun 1981 yake, kuma jihohi da ƙananan hukumomi na karɓar kasonsu wata-wata a rabon arzikin ƙasa. Sanar da kuɗi kan hau shafin farko. Kashe shi ba ya samun ko kusa da wannan kulawa. Batun bashin Anchor Borrowers ma haka: a 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya, Babban Banki ya ce kashi 52 ne da ɗoriya. An yi ta muhawarar ko manoma sun cinye bashi. Tambayar da ta fi shafar mutumin Argungu ita ce ta inshorar da aka haɗa cikin bashin: da gonarsa ta nutse, me aka biya, kuma hannun wa ya shiga?

5.0 Halin da wakili ke ciki

Bai kamata a yi wannan suka ba tare da an dubi yadda ake aikin ba. Yawancin jaridun ƙasa wakili ɗaya gare su a jiha, yana zaune a babban birni, albashinsa kaɗan ne, wani lokaci ma ba ya zuwa. Daga Birnin Kebbi zuwa ƙauyen da ruwa ya yanke a Dandi ko Shanga akwai kuɗin mai, akwai kuɗin kwale-kwale. Motar da za ta kai shi kyauta ita ce ta ayarin gwamnati.

Duk wanda ya taɓa bin irin wannan ayari ya san tsarin. An kafa rumfa a filin makaranta. An jera buhunan shinkafa da masara, da katifu da tabarmi da gidan sauro da bandir ɗin kwano, an juyo da tambarin hukuma wajen kyamara. Mata na zaune a rana gefe guda tun hantsi, kowace da 'yar takarda a hannu. Babban baƙo ya iso bayan azahar, ya yi jawabi, aka kira mutum uku ko huɗu ya miƙa musu buhu ana ɗaukar hoto. Aka kawo wani dattijo gaban makirufo, ya yi godiya ya yi addu'a, domin tarbiyyarsa ba ta yarda ya kushe kyauta a gaban mai kyauta ba, balle ga hakimi a zaune. Jiniya ta tashi, ayari ya juya, wakili ya ruga don kada mota ta bar shi. Ainihin rabon sai bayan tafiyarsu za a yi, ko washegari, ba kyamara ba makirufo. A hanya a miƙa masa takardar jawabi da ambulan na kuɗin mota. In baki ya ci, ido kan ji kunya.

Gidajen rediyo da talabijin na jiha gwamnati ce ke naɗa shugabanninsu ta biya albashinsu. Masu zaman kansu kuma babban mai ba su talla ita ce gwamnatin. Kowa ya ga abin da ya faru a maƙwabta: a Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi saboda sun ɗauki taron 'yan adawa, a Agustan 2025 gwamnan Neja ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a Minna. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya daɗe yana zama sandar dukan 'yan jarida kafin a yi masa gyara a 2024. Sassan Hausa na BBC da DW da RFI sun fi ƙarfin matsin gwamnan jiha, amma rahoton minti uku ne a cikin shirin da ya ɗauko Afirka ta Yamma gaba ɗaya, ga Muryar Amurka ta yi shiru a Maris na 2025. A Facebook da WhatsApp kuwa, hoton gaskiya daga ƙauye na gogayya da tsohon hoton wata ƙasa, sojojin baka na kowane ɓangare na jan labarin wajen ubangidansu.

Duk da haka uzuri ba ya goge nauyi. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana karɓar na goro don a buga ko a danne labari. Tun 2023 akwai kwamitin sauraron ƙorafin jama'a kan kafafen yaɗa labarai na ƙasa, sai dai manomin da aka ruwaito cewa ya samu tallafi alhali bai samu ba, bai san da shi ba, kuma ba a yi masa bayaninsa da Hausa ba. Kafar da ke neman gwamnati ta yi bayani, ita ma akwai bayanin da ake bin ta: ta faɗi cewa adadin na gwamnati ne ba nata ba, ta faɗi cewa a motar gwamnati wakilinta ya je, ta gyara kuskure a shirin da ta yi shi kuma a lokacin da ta yi shi.

6.0 Bin sawu

Bincike ya nuna cewa wannan aiki na sauya halin gwamnati. Timothy Besley da Robin Burgess, a nazarinsu na 2002 kan jihohi 16 na Indiya daga 1958 zuwa 1992, sun gano cewa gwamnatoci sun fi hanzarin kai abinci da agaji a jihohin da aka fi karanta jaridu, kuma tasirin ya fi ƙarfi a jaridun harsunan gida. A wurinmu rediyon Hausa ne ke wannan matsayi. Andrew Healy da Neil Malhotra kuma sun nuna a 2009 cewa masu zaɓe a Amurka na saka wa gwamnati kan kuɗin agaji, ba sa saka mata kan kuɗin rigakafi, alhali dala 1 ta rigakafi na hana asarar kusan dala 15. Dalilin a bayyane yake: buhu ana ganinsa, magudanar da aka yashe ba mai ɗaukar hotonta. Idan rahotanninmu suka tsaya a kan buhu, mu ne muke koya wa ɗan siyasa inda zai zuba kuɗi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Bayan gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara daga 2010, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin tsabtace garin Bagega a 2012, kuɗin ya maƙale. Matasan da suka kafa shirin Follow The Money, tare da 'yan jarida da ƙungiyar likitoci ta MSF, suka riƙe tambaya ɗaya, ina kuɗin yake, har aka sake shi a farkon 2013. A Balensiya ta ƙasar Sifaniya, inda ambaliyar 29 ga Oktoban 2024 ta kashe mutum fiye da 220, abin da 'yan jarida da iyalan mamata da kotu suka nace a kai shi ne jadawalin ranar: ƙarfe nawa hukumar yanayi ta yi gargaɗi, ƙarfe nawa saƙo ya shiga wayoyin jama'a (bayan takwas na dare, ruwa ya riga ya ci mutane), ina shugaban yankin yake a tsakani. Shugaban yankin, Carlos Mazón, ya sauka daga muƙaminsa a Nuwamban 2025.

Irin wannan jadawali ana iya gina shi a kwarin Rima, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Madatsa na da littafin da ake rubuta matakin ruwa da ranar buɗe ƙofa. Wasiƙar NEMA na da kwanan wata, ofishin da ya karɓa na da hatimin karɓa. Hakimi ya san ranar da saƙo ya zo masa, Sarkin Ruwa ya san ranar da ya ga kogi ya sauya launi, tashar rediyo na da rajistar ranar da ta fara sanarwa da wanda ya biya. Wakili ɗaya ba zai iya tattara wannan ba, amma wakilai huɗu na kafafe daban-daban, da ɗaliban aikin jarida na manyan makarantunmu, za su iya raba ƙananan hukumomin bakin kogi a tsakaninsu, su koma ƙauyukan da aka yi bikin rabo bayan wata uku, a motar haya, su nemi matan da suka zauna a rana da takarda a hannu.

Ɓangaren kuɗi kuma doka ta buɗe ƙofarsa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalili ba. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta yanke cewa ta hau kan kowane matakin gwamnati. Abin da ya shigo jiha na asusun kula da muhalli yana cikin rahoton rabon wata-wata da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke wallafawa, saboda haka rabin lissafin na hannu. Sauran rabin, wato jerin ayyukan da aka yi da kuɗin, da 'yan kwangilar da aka ba, da sunayen ƙauyukan da suka karɓi kayan da aka saya da naira biliyan 3 ta 2024, wasiƙa mai shafi ɗaya ce za a kai ma'aikatar da abin ya shafa a sakatariyar Gwadangaji, a karɓi kwafi mai hatimi. Doka ta ba ofishin kwana 7 ya amsa. Idan ya ƙi, mai nema na da kwana 30 ya shigar da ƙara, kuma kafin nan tasha na iya karanta wa masu sauraro sunan ofishin, da ranar da aka kai takardar, da tambayoyin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya.